Masu Wa'azin Talabijin a Amurka da Sha'anin Mulki

Tun zamanin kaka da kakanni, mai wa'azi iyakarsa inda muryarsa ta kai. In ya tsaya a dandali ko cikin majami'a, mutum ɗari biyu ko uku ne za su ji shi, in ya yi suna ƙwarai a sami dubu. Masu sauraronsa kuwa suna ganinsa, sun san gidansa, sun san cinsa da suturarsa. Da rediyo da talabijin suka zo sai al'amari ya sake. Mutum guda ya zauna cikin ɗaki ya yi magana, mutum miliyan su ji shi, alhali ba wanda ya san ƙofar gidansa a cikinsu. Babu ƙasar da wannan abu ya ƙasaita kamar Amurka. A can ne waɗansu masu wa'azin Kirista suka mallaki gidajen talabijin, suka tara dukiya mai yawa, suka gina jami'o'i, har ɗayansu ya nemi kujerar shugaban ƙasa. Labarinsu za mu duba a nan, mu ga ta inda suka faro, da abin da ya ɗaukaka su, da abin da ya ka da waɗansunsu.

Su Wane Ne 'Yan Bishara?

Kiristocin Amurka ba ɗariƙa ɗaya ba ne. Akwai 'yan Katolika, akwai manyan tsofaffin majami'u na Furotesta waɗanda suka haɗa kai cikin majalisa guda tun 1908, akwai kuma waɗanda a ke kira 'yan bishara, su ne mu ke magana a kansu. Abu uku suka riƙe da ƙarfi. Na fari, Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce, shi ne alƙali a kan kowane al'amari. Na biyu, haihuwa a gidan Kirista ba ta isa ba, sai kowane mutum ya tuba da kansa ya karɓi Yesu Almasihu, abin da su ke kira maya haihuwa. Na uku, wajibi ne a kan wanda ya karɓa ya kai wa waɗansu. 'Yan Baftis da yawa suna cikinsu, haka kuma 'yan Fentikos, waɗanda suka ba da gaskiya ga warkar da marasa lafiya ta wurin addu'a. Wani bincike da aka yi a 2014 ya nuna cewa cikin kowane baligi huɗu na Amurka, wajen ɗaya ɗan bishara ne.

Sai kuma mai karatu ya sani, a Amurka galibin gidajen rediyo da talabijin ba na gwamnati ba ne. Na 'yan kasuwa ne, lokaci kuwa shi ne hajarsu, su kan sayar da shi minti-minti kamar yadda mai kanti ya ke yanka yadi. Gwamnati dai lasin ta ke bayarwa, ta hannun wata hukuma mai suna FCC wadda aka kafa a 1934, bisa sharaɗin kowace tasha ta riƙa yin waɗansu shirye-shirye don amfanin jama'a. Wanda ya riƙe wannan, sauran labarin ba zai yi masa wuyar ganewa ba.

Zamanin Rediyo

Ran 2 ga Janairu 1921 wata tasha mai suna KDKA a birnin Pittsburgh ta watsa sujadar wata majami'a. Ba a daɗe ba masu wa'azi suka cika iska, kowa da irin kiɗansa, waɗansu har da zage-zage. Wani limamin Katolika, Charles Coughlin, ya shahara ƙwarai cikin shekarun 1930, amma wa'azinsa ya koma siyasa zalla da ɓatanci ga Yahudawa. Manyan kamfanonin rediyo suka ga abin zai jawo musu rigima. Saboda haka biyu daga cikinsu, NBC da CBS, suka tsai da shawara ba za su sayar da lokaci don wa'azi ba, sai dai su ba da shi kyauta ta hannun manyan ƙungiyoyin addini, watau majalisar nan ta Furotesta, da Katolika, da Yahudawa.

Da aka yi wannan rabo sai 'yan bishara suka tashi a tutar babu, gama majalisar ba ta ga maciji da su. Ba su da wata hanya sai su nemi tashoshin da za su sayar musu. Wani mai suna Charles Fuller ya fara sayen lokaci a kamfanin Mutual a 1937, kafin 'yan shekaru ana jin muryarsa a tashoshi ɗaruruwa, kuɗin kuwa duk daga wasiƙun masu sauraro ya ke fitowa. A 1944 Mutual ma ya ƙuntata musu, sai suka kafa ƙungiyarsu ta masu watsa shirye-shiryen addini don kare haƙƙinsu na saye.

To, a nan ne asalin al'amarin ya ke. Wanda aka ba lokaci kyauta, ko an saurare shi ko ba a saurare shi ba, mako mai zuwa zai dawo. Amma wanda ya saya, in bai taɓa zuciyar mai sauraro har ya sa hannu a aljihu ba, shirinsa ya mutu ke nan. Wannan matsi shi ya koya wa 'yan bishara iya jan hankalin jama'a, da iya roƙo. Ashe korar da aka yi musu, gaba ta kai su.

Akwati Mai Hoto

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu talabijin ya bazu cikin Amurka kamar wutar daji. A 1950 gida ɗaya cikin goma ma bai cika samunsa ba, amma a 1960 kusan gida tara cikin goma suna da shi. Rex Humbard ya fara wa'azi ta talabijin a garin Akron, a 1958 kuma ya buɗe wata babbar majami'a wadda tun daga tushe aka tsara ta domin ɗaukar hoto. Oral Roberts, ɗan Fentikos na jihar Oklahoma, ya shiga wajen 1954. Ya sa aka riƙa ɗaukar hoton taronsa cikin wani makeken tanti, marasa lafiya sun yi layi yana ɗora musu hannu. Wanda ke gida ma a kan ce ya ɗora hannunsa bisa akwatin a yi masa addu'a.

Wanda ya fi su duka suna shi ne Billy Graham. A 1957 ya yi mako 16 yana wa'azi a wani babban zaure a birnin New York, mutum fiye da miliyan biyu suka halarta, kamfanin ABC kuma yana nuna taron kowace Asabar da dare. A farkon 1960 ya zagaya Afirka, ya yi wa'azi a Ikko da Ibadan da Inugu, har da Kaduna da Jos. Graham ya yi wani hangen nesa tun yana saurayi. Ya sa kuɗin da a ke tarawa a hannun wani kwamiti, shi kuwa albashi kurum a ke yanka masa. Har ya rasu a 2018 yana da shekara 99 ba a kama shi da cin amanar kuɗi ba.

A 1960 hukumar FCC ta fitar da wata sanarwa wadda a lokacin ba kowa ya kula da ita ba. Ta ce shirin addini da aka biya kuɗinsa, shi ma za a lissafa shi cikin aikin amfanin jama'a, daidai da wanda aka ba lokaci kyauta. To, wane ɗan kasuwa ne zai yi kyautar abin da ga mai saye tsaye da kuɗi a hannu? Nan da nan tashoshi suka shiga sayar da safiyar Lahadi. A 1959 wajen rabin shirye-shiryen addini ne na saye, amma a 1977 sun haura kashi 90 cikin 100. Tsofaffin majami'u, da ba su saba roƙo ta iska ba, sai aka neme su aka rasa.

Ɗan Sanata da Matacciyar Tasha

An haifi Pat Robertson a 1930 a jihar Birjiniya. Ubansa ɗan Majalisar Dattawan Amurka ne. Ya karanta shari'a a jami'ar Yale, amma bai ci jarrabawar zama lauya ba, daga baya ya tuba irin tuban 'yan bishara ya shiga makarantar koyon aikin fasto. Ya sayi wata 'yar matacciyar tasha a garin Portsmouth a kan dala 37,000, ya kafa kamfani mai suna CBN a 1960, ran 1 ga Oktoba 1961 kuma tashar ta fara aiki.

Kuɗi suka yi ta gagara. A 1963 sai ya fito ya roƙi mutum 700 kowannensu ya ɗauki alkawarin ba da dala 10 kowane wata, watau dala 7,000 da tashar ke bukata. Daga nan aka samo sunan shirinsa, 700 Club, wanda ya kankama a 1966. Shirin ba irin wa'azin da aka saba ba ne. Ba mumbari, ba doguwar riga. Mai gabatarwa ya zauna bisa kujera da baƙinsa suna hira, a yi waƙa, a karanta labarun duniya, a gefe kuma ga mutane zaune gaban wayoyin tarho suna karɓar kiran masu neman addu'a. A 1977 Robertson ya fara aika shirye-shiryensa ta tauraron ɗan'adam, suka game ƙasar duka. Ya kafa jami'a, wadda daga 1990 a ke kira Regent, da ƙungiyar agaji mai suna Operation Blessing a 1978.

A gidansa ne wani saurayi Jim Bakker da matarsa Tammy suka koyi sana'ar. Daga baya suka taya Paul Crouch kafa tashar TBN a 1973, sa'an nan suka buɗe nasu shirin, PTL, a garin Charlotte a 1974.

Yadda Kuɗi Su Ke Shigowa

Duk wanda ya bugo waya ko ya aiko da wasiƙa, sai a rubuta sunansa da adireshinsa da abin da ya dame shi. Da kwamfuta ta samu, sai aka zuba sunayen a ciki. Ita ce za ta riƙa buga wasiƙu dubbai, kowace da sunan mai ita, har ya zaci mai wa'azi ne ya zauna ya rubuto masa da hannunsa. A ƙarshen wasiƙar kuwa akwai roƙo. Oral Roberts ya ƙara da wata koyarwa, wai kyautar da ka bayar iri ce ka shuka, Allah zai mayar maka ninkin ba ninkin. Malaman Kirista da yawa sun yi tir da wannan koyarwa, amma ta karɓu ga mai bashi da mai ciwo.

Su wane ne masu kallon? Wajen 1980 an yi ta cika baki, har ana cewa sun haura miliyan ɗari. Da jami'ar Pennsylvania da kamfanin Gallup suka yi bincike a 1984, sai suka tarar masu kallo a kai a kai wajen miliyan 13 ne. Galibinsu tsofaffi ne, mata sun fi yawa, kuma tun can masu zuwa coci ne. Watau dai shirye-shiryen ba su cika jawo sababbin tuba ba, 'yan gida su ke ƙarfafawa. Kada kuma a raina wannan. Tsohuwar da ciwon ƙafa ya hana ta fita, ba mai leƙo ta, ta sami abokin hira da wanda zai amsa mata waya da tsakar dare. Kuɗin da aka tara kuma an ciyar da mayunwata da wani sashe nasa, an gina makarantu.

Amma jerin sunayen nan ba wurin roƙo kaɗai ya ke da amfani ba. Mutumin da ke da adireshin gida miliyan, masu jin maganarsa, yana da abin da kowane ɗan siyasa ke nema ido rufe.

Shiga Siyasa

Da fari yawancin 'yan bishara gudun siyasa su ke yi, suna ganinta ƙazantar duniya. Jerry Falwell, wanda ya kafa cocinsa a garin Lynchburg a 1956 ya kuma fara wa'azi ta iska a shekarar, ya yi wata huɗuba a 1965 inda ya soki fastocin da ke fita zanga-zangar neman 'yancin baƙar fata. Ya ce aikin mai wa'azi ceton rayuka ne, ba siyasa ba. Shekara 14 bayan haka shi da kansa ya kafa ƙungiyar siyasa.

Abubuwa da dama suka kawo wannan juyi. A 1962 da 1963 Kotun Ƙoli ta hana a sa yara yin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki a makarantun gwamnati. A 1973 ta halatta zubar da ciki. A 1978 kuma hukumar haraji ta nemi ta janye rangwamen da a ke yi wa makarantun kuɗi waɗanda ba su ɗaukar yaran baƙar fata, da yawansu kuwa na coci ne. Masana tarihi sun yi saɓani a kan wanne ya fi tunzura su, waɗansu sun ce zubar da ciki, waɗansu sun ce batun makarantun nan. Ko wanne ne dai, 'yan bishara suka ji gwamnati ta shigo musu har tsakar gida. Shugaba Jimmy Carter ɗan Baftis ne mai koyarwa a coci, da yawansu sun zaɓe shi a 1976, amma suka juya masa baya.

A 1979 Falwell ya kafa Moral Majority, ma'ana Rinjayen Masu Ɗa'a. Aikinta shi ne sa masu zuwa coci su yanki katin zaɓe, a kuma nuna musu inda kowane ɗan takara ya tsaya. Akwai wata doka ta 1954 wadda ta hana coci ta fito fili ta goyi bayan ɗan takara muddin tana son a ci gaba da yafe mata haraji. A watan Agusta 1980 Ronald Reagan ya je wani babban taron masu wa'azi a Dallas, ya gaya musu ya sani ba su da damar goyon bayansa, amma shi yana goyon bayansu. Zaure ya ɗauki tafi. Reagan ya ka da Carter, Falwell kuma ya ce aikinsu ne. Masu nazari dai sun nuna tsadar kaya da Amurkawan da aka tsare a Iran su ma sun yi nasu aikin. Kuma abin da aka yi musu alkawari bai samu ba duka. A 1984 aka kawo shawarar gyara tsarin mulki don a mai da addu'a makarantu, sanatoci 56 suka yarda, 44 suka ƙi, ba ta kai kashi biyu cikin uku da a ke bukata ba.

Shekarar Tonon Asiri

Masu iya magana sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A Janairu 1987 Oral Roberts ya gaya wa masu kallo cewa in ba a tara masa dala miliyan 8 kafin ƙarshen Maris ba, Allah zai ɗauki ransa. An tara kuɗin, har wani mai filin tseren karnuka ya ba da fiye da miliyan ɗaya, amma jaridu suka mai da shi abin dariya.

Ba a gama wannan ba, ran 19 ga Maris Jim Bakker ya sauka daga shugabancin PTL. An gano ya yi lalata da wata sakatariyar coci, aka kuma biya ta da kuɗin ƙungiya don ta yi shiru. Da aka buɗe littattafan kuɗi sai aka ga abin da ya fi wannan. Bakker ya gina wani ƙaton wurin shaƙatawa mai suna Heritage USA, wanda a 1986 mutum wajen miliyan 6 suka ziyarta. Ya riƙa gaya wa masu kallo duk wanda ya ba da dala 1,000 zai riƙa kwana uku kyauta a otal ɗin wurin kowace shekara har ƙarshen ransa. Dubun dubatar mutane suka biya, alhali otal ɗin da aka gama ɗakinsa wajen 500 ne kurum. Masu gabatar da ƙara sun ce dala miliyan 158 aka tara ta haka, Bakker kuwa ya karkatar da miliyan 3.7 don jin daɗin kansa. A 1989 kotu ta same shi da laifin zamba 24, aka ɗaure shi shekara 45. Daga baya aka rage zuwa 8, ya fito a 1994.

Jimmy Swaggart na garin Baton Rouge, wanda ya fi kowa zafi wajen la'antar Bakker, shi ma ba a yi shekara ba aka ɗauki hotonsa tare da wata karuwa. Ran 21 ga Fabrairu 1988 ya tsaya gaban jama'arsa da na'urorin ɗaukar hoto yana kuka, ya ce ya yi zunubi. Ɗariƙarsa ta ce ya dakata da wa'azi, ya ƙi, ta tuɓe shi.

Me ya sa ɓarna ta yi nisa haka ba a tsawata ba? Dalili shi ne, galibin ƙungiyoyin nan mutum ɗaya ne wuƙa da nama, kwamitinsa kuwa iyalinsa ne da yaransa. Gwamnati tana jin nauyin leƙa littafin coci saboda tsarin mulki ya raba addini da hukuma. Masu ba da kuɗin kuma suna warwatse, ba su san juna ba, balle su taru su yi tambaya. Tun 1979 an kafa wata majalisa mai duba lissafin ƙungiyoyin 'yan bishara, amma shigarta ganin dama ce. Ko da wani sanata, Charles Grassley, ya buɗe bincike a kan manyan masu wa'azi shida a 2007, an rufe shi a 2011 ba a hukunta kowa ba.

Neman Kujerar Shugaban Ƙasa

Cikin wannan ƙura Robertson ya fito takara. Tun 1986 ya ce zai tsaya in mutum miliyan uku suka sa hannu a takarda suna goyon bayansa. Ya ajiye muƙaminsa na fasto, ya nemi jam'iyyar Republican ta tsai da shi. A zaɓen fid da gwani na jihar Iowa a Fabrairu 1988 ya zo na biyu, ya wuce mataimakin shugaban ƙasa George Bush. 'Yan siyasa suka yi mamaki. Amma ƙarfinsa bai wuce 'yan jihohi kaɗan ba, ya janye. Ko cikin 'yan bishara ma da yawa ba su so fasto ya hau mulki ba.

Faɗuwar nan ba ta zama hasara ba, gama jerin sunayen yana nan. A 1989, shekarar da Falwell ya rufe tasa ƙungiya, Robertson ya kafa Christian Coalition, watau Gamayyar Kirista, ya damƙa ta ga wani saurayi Ralph Reed. Sai suka sake dabara. Maimakon neman babbar kujera, suka koma unguwa-unguwa, suna neman kujerun kwamitin makaranta da shugabancin jam'iyya a gundumomi. Ranar Lahadi ta kafin zaɓe su kan raba miliyoyin takardu a coci-coci. A 1994 jam'iyyar Republican ta kama Majalisar Wakilai, karo na fari cikin shekara 40, kowa kuwa ya san da hannunsu a ciki. A zaɓen 2016 wajen kashi 80 cikin 100 na fararen 'yan bishara Donald Trump suka zaɓa, wata mai wa'azin talabijin, Paula White, tana cikin waɗanda suka yi addu'a ran rantsar da shi. A 2022 kuma Kotun Ƙoli ta soke hukuncinta na 1973 a kan zubar da ciki, abin da suka yi shekara fiye da 40 suna nema.

Shi kansa Robertson ya yi arziki. A 1997 aka sayar da tashar iyali da ta tsiro daga CBN a kan dala biliyan 1.9, bisa sharaɗin ko wa ya mallake ta sai ya riƙa nuna 700 Club. Bakinsa kuwa ya sha jawo masa. A 2005 ya ce ya kamata Amurka ta kashe shugaban Venezuela Hugo Chavez, daga baya ya nemi gafara. A 2010, da girgizar ƙasa ta hallaka mutanen Haiti, ya ce kakanninsu ne suka ƙulla alkawari da Shaiɗan. Ya bar shirin a 2021, ya rasu ran 8 ga Yuni 2023 yana da shekara 93.

Inda Abin Ya Taɓa Afirka

Cikin shekarun 1990 Robertson ya yi hulɗa da Mobutu na Zayar, ya sami izinin haƙar lu'ulu'u. Matuƙan jirgin sama suka ba da shaida cewa jiragen ƙungiyarsa ta agaji sun yi ta jigilar kayan haƙar. Hukumomin Birjiniya suka bincika, ba a gurfanar da shi ba, shi kuwa ya ce ya biya ƙungiyar kuɗin jiragen. A 1999 ya ƙulla yarjejeniyar haƙar zinariya da Charles Taylor na Laberiya, a 2003 kuma ya fito cikin shirinsa yana kare shi.

Salon wa'azin ma ya ƙetaro teku. Benson Idahosa na birnin Benin ya yi karatu a Dallas a 1971, ya komo ya zama ɗaya daga cikin na farko da suka yi irin wannan wa'azi ta talabijin a Nijeriya. Bayan da aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi a 1992 abin ya yawaita, har a 2004 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta hana nuna mu'ujizar da ba a tabbatar da ita ba.

Abin Lura

Billy Graham ya yi abota ƙwarai da Shugaba Nixon. Da asirin Nixon ya tonu ya sauka a 1974, Graham ya ji kunya, cikin tsufansa kuma ya faɗa cewa da zai sake rayuwa, da ya nisanci siyasa. Robertson da Falwell ba su ga haka ba. A ganinsu mai bi ɗan ƙasa ne kamar kowa, in ya yi shiru waɗansu za su tsara wa 'ya'yansa doka. Har yanzu Kiristocin Amurka ba su daina gardama a kan wannan ba. Waɗansu suna cewa an sami alƙalai da dokoki, waɗansu kuwa suna cewa an sayar da mutuncin bishara, har samari da yawa suna ɗaukar coci reshen jam'iyya ce.

Akwatin dai ba ruwansa, abin da aka zuba masa shi ya ke fitarwa, ko daga bakin wa ya fito, ko da sunan wane addini. Yau ma wayar hannu da intanet sun karɓi rabin aikinsa. Saboda haka nauyi ya komo kan mai kallo. In murya ta shigo ɗakinka daga nesa tana neman kuɗinka ko ƙuri'arka, kana da ikon ka yi mata tambayar da za ka yi wa maƙwabcinka: wa ya biya kuɗin wannan lokaci, ina abin da aka tara ya ke tafiya, wa kuma ke da ikon tsawata wa mai maganar in ya kauce? Mutanen da suka aika wa Jim Bakker dala dubu-dubu ba su yi wannan tambaya ba sai a gaban alƙali, sa'an nan kuwa kuɗi sun riga sun tafi.